Kowane Yaro da Allonsa: Yadda Sababbin Dabarun Koyarwa Suke Aiki

Wani yammaci a Moriki ina zaune a zauren yayana bayan La'asar, sai ɗansa da ke aji huɗu na firamare ya shigo rataye da jakar littattafansa. Na ce, "Zo nan, ɗana. Mi aka koya muku yau?" Ya tsaya ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya zubo mini jimloli uku na Turanci tiryan-tiryan, ko numfashi bai ja ba. Raina ya yi fari. Sai na sa yatsa na rubuta "gero" a ƙasa, na ce ya karanta mini. Ya dubi rubutun, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, ba a kai mu nan ba."

Bayan Magariba na sake ganinsa a makarantar allo ta ƙofar gida. Ya dafa allonsa a cinya yana bin kowane harafi da yatsa. Da layi ya zo kansa ya matsa gaban malam ya biya, malam ya gyara masa wuri ɗaya, ya ce gobe ya wanke a ƙara masa. Yaron dai shi ne, kansa bai sauya ba tsakanin La'asar da Magariba. To me ya sa karatu ya zauna masa a nan, can kuwa ya ƙi zama?

Wannan tambaya ta daɗe tana ci wa masana ilimi tuwo a ƙwarya. Amsar da suka samo bayan dogon bincike a ƙasashe da dama tana kusa da abin da malamin zaure ya sani tun kaka da kakanni. Yaro yana kama karatu idan aka ɗauko shi daga inda ya tsaya, da harshen da yake ji, aka kuma sa bakinsa da hannunsa aiki. Duk wata dabara ko na'ura da za a shigo da ita makaranta, da wannan mudu ya kamata mu auna ta.

Inda ayari ke barin yaro

Ajin boko tafiyar ayari yake yi. Manhaja ta tsara abin da za a koyar kowane zango, malami kuma dole ya kai ƙarshenta kafin jarrabawa. Yaron da zazzaɓi ya kwantar mako biyu, da wanda aka tsare a gona lokacin noma, da yarinyar da ke ɗaukar talla ranar kasuwa, in sun dawo sai su tarar an yi musu nisa. A arewacin Zamfara akwai ƙarin dalili mai ɗaci. A 2019 'yan bindiga sun afka wa makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata a Jangebe, a Satumbar shekarar kuma gwamnatin jiha ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Kafin nan annobar korona ta riga ta cinye wa yara watanni a 2020. Duk da haka shekara na zagayowa ake ciyar da yaro gaba, ko ya iya ko bai iya ba.

Abin da ke ɓoye wannan rauni shi ne amshi. Malami ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. Muryar yara goma da suka gane sai ta rufe shirun hamsin da ke motsa leɓe kawai. Mai wucewa ta bayan taga zai rantse karatu ya kankama.

Makarantar allo tana da nata matsaloli, amma a wannan gaɓa ta yi dace. Kowane yaro da allonsa. Mai babbaƙu yana gefen mai farfaru, mai farfaru yana gefen wanda ya yi nisa a izu, kuma ba a wanke allo sai an biya. Malam ya san inda kowa yake, domin kullum sai ya saurare shi shi kaɗai.

A auna kafin a zuba

Dabarar da ta fi kama da wannan a duniyar boko daga Indiya ta fito. Ƙungiyar Pratham, wadda aka kafa a Mumbai a 1995, ita ce ta ɓullo da koyarwa daidai matakin yaro. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun shafe shekaru suna gwada ta a makarantun Indiya, suka ga tana ɗaga karatun yara matuƙar an bi ta yadda ya kamata. An gwada ta a Borno daga 2018. A Kano kuma shirin KaLMA ya kai ta makarantun Wudil da Dawakin Tofa daga 2019, ga yaran aji huɗu zuwa shida.

Ga yadda take tafiya. Malami zai ɗauki takarda guda, ya zauna da yaro su biyu, cikin raha, ba bulala a kusa. A takardar akwai haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. Daga sakin layi ake farawa. In yaro ya karanta shi sumul, a hau da shi zuwa labari. In ya cije, a sauko zuwa kalmomi, in nan ma ya cije, a sauko zuwa haruffa. Cikin 'yan mintoci an san matsayinsa: mafari ne, ko mai harafi, ko mai kalma, ko mai sakin layi, ko mai labari.

Daga nan sai a ware awa ɗaya ko biyu kullum, a manta da sunan aji, a raba yara bisa matakinsu. Masu harafi su yi da'ira a ƙasa suna wasan neman harafi a katuna. Masu kalma su riƙa haɗa gaɓoɓi suna gina kalmomi. Masu labari su karanta, su sake ba da shi da bakinsu, su rubuta nasu. Bayan 'yan makonni a sake aunawa, wanda ya iya ya matsa gaba.

Abin da ke jan hankalin yaro a nan shi ne zaƙin iyawa. Aikin da ya fi ƙarfinsa nesa yana kashe masa gwiwa, wanda ya yi masa sauƙi da yawa yana sa shi hamma. Aikin da ke gabansa da taki ɗaya kuwa, ya miƙa hannu ya cafke, shi ke sa ya yi sammako gobe. Sai dai malami ya kiyaye mutuncin babban yaron da ya faɗa rukunin harafi. A sa wa rukunai sunaye masu daɗi, kada a kira wani rukunin daƙiƙai, domin yaron da aka kunyata sau ɗaya a gaban ƙannensa da wuya ya sake buɗe baki.

Karatu da harshen gida

Hausar boko tana da wata baiwa da Turanci ba shi da ita: kusan yadda ka furta haka za ka rubuta. Yaron da ya san wasula biyar da sautin baƙaƙe ya riƙe mabuɗi. Ya haɗa "g" da "e" ya samu "ge", ya haɗa "r" da "o" ya samu "ro", sai ga gero, abin da ya sha fura da shi da rana. Fahimta ta zo tare da furuci. In kuwa da Turanci aka fara masa, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe. Shi ya sa yake tserewa zuwa hadda, kamar yadda ɗan yayana ya yi.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake ciki, sai dai littattafai da horo sun yi ƙaranci. Wannan giɓi ne shirin RANA ya zo cikewa daga 2015 a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Zamfara, ƙarƙashin UNICEF da tallafin Birtaniya, ƙungiyar FHI 360 na gudanarwa. Ya shafi aji ɗaya zuwa uku, har da makarantun Alƙur'ani da aka haɗa musu da boko. A Sakkwato da Bauci kuma an yi shirin Mu Karanta da tallafin Amurka. Gininsu iri ɗaya ne: jagoran malami mai darasin kowace rana a tsare, littafi a hannun ɗalibi, da mai bibiya da ke shiga aji ya zauna ya kalli darasi, bayan an tashi su tattauna da malami.

Darasin kansa hawa uku ne. Malami ya yi yara na kallo. Sannan su yi tare. Sannan yara su yi da kansu, bibbiyu ko ɗaiɗai, malami na zagayawa yana kasa kunne. Hawa na uku shi ne wanda ajin amshi ya rasa, kuma a nan ne karatu ke zama.

Akwai wani abu da malamin ƙasar Zurmi da Shinkafi zai lura da shi. Yaronmu "hwari" yake cewa, littafi ya rubuta "fari". Yana cewa "tahi" da "biyat", littafi ya ce "tafi" da "biyar". Malamin kirki ba ya ce masa ya yi kure. Sai ya ce, "Haka muke faɗi a gida, ga kuma yadda ake rubutawa." Yaro ya riƙe biyun, bai ji an raina bakin uwarsa ba. Turanci ma yana nan tafe, kuma wanda ya iya karatu da Hausa ya fi saurin kama shi, domin dabarar haɗa sauti da harafi sau ɗaya ake koyonta a rayuwa.

Lissafi da karan dawa

Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon wata malama tana koyar da ɗebewa. Ba ta taɓa alli ba tukuna. Ta sa yara sun zo da sillayen kara, an yanka su tsawon yatsa, an ɗaure goma-goma da zare. Ta ajiye dami uku da kara biyu a tsakiyar tabarma.

"Nawa ke nan?"

"Talatin da biyu!"

"To, a ɗebe mini goma sha bakwai."

Wani yaro ya ɗauke dami guda, ya kai hannu ga karan da ke warwatse, ya tsaya. "Malama, ba su isa. Biyu na."

"To, mi za mu yi?"

Aji ya yi tsit. Malama ba ta yi gaggawar ba su amsa ba. Can wata yarinya da ke rungume da ƙanenta ta ce a hankali, "A kwance dami guda." Aka kwance, kara suka zama goma sha biyu, aka ɗebe bakwai. Yarinyar ta ƙirga abin da ya rage, dami ɗaya da kara biyar, ta ɗaga murya: "Goma sha biyat!"

Sai a lokacin malama ta tashi ta rubuta lissafin a allo. Abin da ake kira aro, wanda yara da yawa ke haddacewa ba su san dalilinsa ba, yau sun kwance shi da hannunsu. Ko sisi ba a kashe ba.

To ina matsayin na'ura?

Na'ura jaki ce. Tana ɗaukar kaya ta kai inda mutum bai iya kaiwa, amma sai an san abin da aka labta mata.

Rediyo ne dattijo a cikinsu. A 1974 masana daga Jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaragwa da wata dabara mai sauƙi: muryar da ke cikin akwati ta yi tambaya, ta yi shiru na ɗan lokaci, yara su amsa ko su rubuta ko su tafa, sannan ta faɗi amsa. Wannan shirun shi ne sirrin abin, shi ke mayar da mai saurare mai aiki. Amma dole a samu babba a wurin, malami ko yaya ko uwa, wanda zai ce "ke, amsa", ya kuma duba abin da aka rubuta. Lokacin korona jihohin Arewa da dama sun koma ga rediyo, shirin KaLMA ma ya haɗa da saƙonnin waya zuwa ga iyaye. Yau ƙaramin rediyo mai cin memori ya ƙara wa dabarar ƙarfi, domin ana iya tsayar da darasi, a maimaita shi sau uku, a saurare shi lokacin da gida ya natsu.

Sai ƙaramar waya. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a yankunan Doso da Damagaram na Nijar, cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na manya da ake yi da Hausa da Zabarmanci. A wasu ƙauyuka an ƙara koya wa ɗalibai amfani da waya mai madannai. Waɗannan ƙauyuka sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi harafi da safe, da yamma ya rubuta wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, karatunsa ya samu aikin yi, abin da ake aiki da shi kuwa ba ya tsatsa. Ga malamai ma waya ta zama zauren shawara, inda wani zai ɗauki muryarsa yana furta sautin harafi ko hoton katunan da ya yanka daga kwali ya tura wa 'yan'uwansa ta WhatsApp.

Sannan babbar waya da kwamfutar hannu. Manhaja mai kyau tana yin abin da malamin zaure ke yi: ta jefa wa yaro tambaya, in ya ci ta ƙara nauyi, in ya faɗi ta sassauta, ta kuma adana inda ya tsaya. A Maris na 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa har da na Hausa. Abu ne mai amfani ga wanda ya samu hali. Sai dai kowace irin wannan na'ura tana da ciki: tana cin caji, tana cin data, tana son sabis, in ta faɗi ta fashe tana son mai gyara. Mutanen Zamfara ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar saboda tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Darasin da ke rataye da intanet kaɗai ya mutu a ranar. Wanda ke cikin memori da littafi ya ci gaba.

Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci. Da aka yi bincike, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu bai ɗaga ba, domin yadda ake koyarwa bai sauya ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Saboda haka duk wanda ya zo wa makarantar garinmu da na'ura, mu tarbe shi hannu bibbiyu, sannan mu tambaye shi: tana jin Hausa? Tana gane inda yaro ya tsaya? Tana aiki ranar da babu sabis, kuma akwai sola da mai gyara a kusa? In ya amsa waɗannan, a shimfiɗa masa tabarma.

Mai riƙe da akala

Duk abin da na lissafa a hannun malami yake. Taron bita na kwana uku a Gusau ba ya sauya al'adar shekara ashirin. Abin da ke sauya ta shi ne jagora a hannu, da abokin aiki da zai leƙo aji a kai a kai, da albashin da ke zuwa kan kari don hankali ya kwanta. Kwalejin Ilimi ta Maru da ta tarayya da ke Gusau su ne ya dace su riƙa yaye malaman da suka riƙe wannan dabara tun kafin su shiga aji. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda kuma ga ta a kusa, matasanta na iya zama masu haɗa sola da gyaran na'urorin makarantu.

Ranar da hanya ta ƙi, makaranta ta rufe, muna da abin koyi a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajoji, suka riƙa ɗaukar karatu suna kai wa mata har ƙauyukansu. Yarinyar da ta gama sakandare a Moriki, in aka ba ta takardar aunawa da katunan haruffa da rediyo mai memori, za ta iya tara yaran unguwa goma a tsakar gida, karatu bai yanke ba.

Iyaye ma suna da nasu rabo, kuma ba ya bukatar kuɗi. Uban da ya iya boko ya rubuta wa ɗansa kalma ɗaya a ƙasa yau da dare. Uwar da ba ta iya ba ta sa yayansa ya rubuta, ita ta saurara, ai ta san gero in an ambace shi. Abin da aka gani a je a faɗa wa malami cikin girmamawa, a tambaye shi ta inda za a taimaka.

Ni dai kwana shida na yi a Moriki a wannan zuwa. Kullum bayan La'asar ni da ɗan yayana muna durƙushe a ƙofar zaure, ƙasa ce allonmu. Muka fara da wasula, muka shiga ba, be, bi, bo, bu. Ran kwana na biyar na sake rubuta masa kalmar nan. Ya sa yatsa kamar yadda yake yi wa allonsa, ya ce "ge", ya ɗan tsaya, ya ce "ro". Sai ya ɗago kai da sauri, idonsa na ƙyalli: "Baba, gero na!" Ban ce komai ba, na share ƙasar na miƙa masa tsinken. Ya daɗe yana tunani, sannan ya rubuta "dawa" da hannunsa, ya ruga cikin gida yana kiran innarsa ta zo ta gani.